Bayan An Sako Shi, A Ina Zai Kwana?

 Yau dai sai ku yi mini afuwa, na jingine labarin da muke ciki zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuma lura muddin ban amayar da ita ba, alƙalamin nan ba zai yi mini biyayya ba.

Shekaru kusan goma sha biyar da suka wuce na rubuta wani littafi, wataƙila wasunku sun karanta. A ciki akwai wani yaro ɗan masu hali da ya faɗa shaye-shaye, daga nan ya shiga ɗauke-ɗauke, har dai aka kai shi gidan yari. A babin ƙarshe na fito da shi ya yi nadama, ya zo ya faɗi gaban mahaifinsa yana kuka, uban ya ɗago shi ya rungume, aka ba shi jari, aka aura masa 'yar baffansa. Duk wannan a shafi biyu na gama shi. Makaranta suka yi ta bugo waya suna sa mini albarka, wai littafin ya faɗakar. Ni kuwa na ɗauka na yi abin kai, ban san duniya tana nan tafe da nata babin ba.

Ina da ƙane, ubanmu ɗaya, ba zan faɗi sunansa ba don yana raye kuma yana da mutuncinsa. Ya fara da wiwi tun yana aji uku na sakandare, ya koma maganin tari, ya zarce ƙwaya. Abin da duk aka sani a irin wannan gida mun gan shi: tukunyar tagulla ta yi ƙafa, zannuwan mahaifiyarsa suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, har injin markaɗen da take rufa wa kanta asiri da shi bai tsira ba. Daga ƙarshe aka kama shi da wayar mutane, ya yi sama da shekara yana jiran shari'a, da aka zo yanke hukunci sai aka lissafa masa zaman da ya yi, bayan 'yan watanni aka sako shi.

Ranar da ya fito ba wanda ya je tarbarsa. Ya tako da ƙafa har ƙofar gida, Baba yana zaune a zaure, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce ya riga ya sallama wa duniya shi, kada ya kuskura ya taka masa soro. Bayan sallar isha'i sai ga yaro ya shigo ya ce wai ana sallama da ni. Na fito na tarar da shi tsugune a gindin bango, ya rame ya yi baƙi, amma idonsa garau, rabon da in ga idonsa haka tun yana ƙaramin yaro.

Ya ce, “Yaya, wallahi wata goma sha huɗu rabona da komai. Ni ba kuɗi na zo nema ba, wurin da zan kwanta nake so, ko a soro ne.”

Na ce, “Ka yi haƙuri ƙanena, ka san gidan ba nawa ba ne, kuma maigidan ba ya gari. Riƙe wannan ka ci abinci, gobe sai mu san abin yi.”

Ƙarya na yi masa, maigidan yana ciki yana jin labarai a rediyo. Tsoro ne ya kama ni, ina da 'yan mata a gida, ina da kayan ɗaki, ina kuma gudun abin da dangin miji za su ce. Na damƙa masa kuɗi na rufe ƙofa. A daren nan a tasha ya kwana, kuma duk wanda ya san tasha da dare ya san su wa ke kwana a can da abin da suke kwana da shi. Kafin mako biyu ya koma ruwa tsundum, kafin shekara ta zagayo ya koma inda ya fito. Har gobe idan na tuna kuɗin nan da na ba shi sai gabana ya faɗi, don na san aljihun da suka ƙare.

Na kawo wannan ne don mu gane cewa akwai wani giɓi da dukkanmu muke tsallakewa, mu marubuta da hukuma da iyaye. Muna maganar kamu, muna maganar hukunci, muna maganar magani da addu'a, amma ba mai tambayar inda mutumin nan zai sa haƙarƙarinsa daren farko da aka buɗe masa ƙofa.

Kada wani ya ce ai matsalar gidanku ce. A shekarar 2018 an yi wani babban bincike a faɗin Nijeriya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, aka fitar da sakamakonsa a farkon 2019. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Masu shan wiwi miliyan 10.6, masu haɗiyar ƙwayoyi irin su tiramol miliyan 4.6, masu shan maganin tari miliyan 2.4. Kuma a cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shayen, ɗaya mace ce. A shekarar 2018 ɗin ce gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike da BBC ta fitar wanda ya nuna halin da matasanmu ke ciki, har da na Kano. An hana kodin, sai masu sha suka koma wani abin, domin ƙishirwar tana nan ba a taɓa ta ba.

To me muke da shi na tarbar waɗannan bayin Allah? Akwai hukumar NDLEA da aka kafa tun 1989, tana kama dillalai, tana kuma da wuraren ba da shawara da gyaran hali a wasu ofisoshinta. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Akwai cibiyar gyaran tarbiyya ta Kiru. Akwai gidajen yari, waɗanda dokar 2019 ta sauya musu suna zuwa gidajen gyaran hali, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba sai an tsare mutum ba, kamar aikin al'umma da sakin talala. Dukkan waɗannan wurare suna da amfaninsu, amma abu ɗaya ya haɗa su: kowannensu yana da ranar shiga yana da ranar sallama. Ranar sallamar nan kuwa daga bakin ƙofa aikinsu ya ƙare.

Saboda iyaye sun san wannan, shi ya sa da yawa suka riƙa kai 'ya'yansu gidajen mari, inda ba ranar sallama sai ranar da uba ya ce a sako. Mun ga abin da ya fito fili a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sasari a ƙafa, wasu jikinsu duk tabon bulala. Bayan 'yan makonni aka sake buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwan. Kowa ya yi Allah wadai, kuma ya dace a yi. Amma ni tambayar da na yi ta yi wa kaina ita ce, uwar da ta ɗauki ɗan da ta haifa ta kai shi a ɗaure, mugunta ce ta sa ta? Na zauna da irin waɗannan iyaye mata, na san rashin mafita ne. An rufe gidajen mari, ba a buɗe wani abu a madadinsu ba, an gudu ke nan ba a tsira ba.

Akwai kuma wani abu da likitoci suka sani wanda yawancinmu ba mu sani ba. Mai shan ƙwaya a hankali jikinsa ke sabawa, wanda ya fara da ɗaya sai ya kai biyar, ya kai goma. Idan aka tsare shi wata da watanni bai sha ba, wannan sabon yana gushewa, jikin ya koma ɗanye. Ranar da ya fito ya haɗu da tsofaffin abokai, sai ya ɗebi adadin da ya saba a da, jikin kuwa ba zai iya ɗauka ba, numfashi ya tsaya. Wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin da aka sako a jihar Washinton ta Amurka ya gano cewa a makonni biyun farko bayan fitowa, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, kuma yawan shan ƙwaya ne kan gaba wajen kashe su. Ni ban buƙaci binciken Turawa ba kafin in yarda, domin abokin ƙanena da suka fito rana ɗaya a karo na biyu, kwana goma kacal ya yi a waje aka tsinci gawarsa a wani kango. Aka ce ajali ne, kuma ajalin ne, amma ajali yana da sanadi.

Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin yadda wasu ƙasashe suke yi, sai na tarar ashe akwai abin da suka daɗe da gwadawa, wato gidan zama mai haɗe da tallafi. A ba mutum ɗaki da makulli, ya zauna a matsayin ɗan haya, sannan a haɗa shi da ma'aikacin da zai riƙa leƙa shi, ya raka shi asibiti, ya taya shi neman aiki, ya shiga tsakaninsa da danginsa, ya kuma lura da shi idan ƙafarsa ta fara zamewa. Hanyoyi biyu ne suka fi shahara.

Ta farko ita ce wadda zan kira “gida tukuna”. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ne ya fara ta a birnin Niyok a 1992. Kafin shi, ƙa'idar ita ce sai mai kwana a titi ya daina shaye-shaye, ya bi matakai ɗaya bayan ɗaya, kafin a ga ya cancanci gida. Shi kuwa sai ya juya abin, ya ce a fara ba shi gidan, magani ya biyo baya, domin wanda bai san inda zai kwana ba yau, ba zai iya tunanin gyara gobensa ba. Aka yi ta yi masa dariya, amma da aka duba sai aka ga kimanin takwas cikin goma na waɗanda aka bai wa gidan sun riƙe shi shekara da shekaru. Ƙasar Finlan ta ɗauki wannan tsari a matsayin manufar gwamnati daga 2008, ta riƙa mayar da manyan ɗakunan kwanan marasa galihu zuwa ƙananan gidajen haya. Ƙasar da a ƙarshen shekarun 1980 take da marasa muhalli kusan 18,000, a 2023 ba su kai 4,000 ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa: babban gwajin da aka yi a birane biyar na Kanada daga 2009 zuwa 2013, da mutum sama da 2,000, ya nuna tsarin yana raba mutane da kwanan titi ƙwarai, amma wajen rage shaye-shaye bai fi sauran hanyoyin ba. Ke nan gida shi kaɗai ba ya raba mutum da ƙwaya, abin da yake yi shi ne ya riƙe shi da rai da mutunci har maganin ya samu wurin kamawa.

Hanya ta biyu ita ce ta Oxford House, wadda ta faro a 1975 a jihar Merilan ta Amurka. Hukuma ce ta tashi rufe wani gidan da masu murmurewa daga shaye-shaye ke zaune, sai mazauna gidan suka ce su za su karɓi hayar da kansu. Dokokinsu uku ne: su ke mulkin gidansu ta hanyar ƙuri'a, kowa ya biya kasonsa na haya da cefane, kuma duk wanda ya koma sha ya bar gidan. Maza gidansu daban, mata daban, ba a kuma ɗibar wa kowa wa'adin tashi. Yau irin waɗannan gidaje sun haura 3,000. Masu bincike daga jami'ar DePaul ta Shikago sun bi mutum 150 da aka sallamo daga magani, rabi aka kai su irin wannan gida, rabi aka bar su da tsarin da aka saba. Bayan shekara biyu, a sakamakon da suka buga a 2006, kashi 31 cikin ɗari na mazauna gidan ne suka koma sha, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 65. Waɗanda aka ɗaure a cikinsu kashi 3, a can kashi 9, kuma abin da suke samu a wata ya ninka na waɗancan.

Na san abin da wani zai ce tun ban rufe baki ba: ke Hajiya, wannan ai sai ƙasar Turawa, mu nan mai gadi da malamin firamare ma ba su iya biyan haya, sai ɗan ƙwaya za a bai wa ɗaki? Wannan magana tana da nauyi, ba kuma zan raina mai ita ba, don ni kaina a gidan haya na yi shekara goma sha ɗaya. Amma mu yi lissafi tsakani da Allah. Yaron nan ko mun so ko mun ƙi muna biya masa wurin kwana. Idan yana gidan yari, da kuɗin jama'a ake ciyar da shi, ake biyan gandirobobi, ake zuba wa motar kai shi kotu mai, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Idan yana kango, muna biya da wayoyinmu da ake ƙwacewa, da kuɗin 'yan sintiri da ake bi gida-gida ana karɓa, wani lokaci da jinin 'ya'yanmu. Idan lokacin siyasa ya zo, shi ne ɗan jagaliyar da ake saya da ƙwayar ɗari biyar. Tunda biyan ya zama dole, ashe gara mu biya ta hanyar da ake sa ran wata rana shi ma zai fara biya wa kansa. Kuma ba kyauta nake cewa a ba shi ba, a dukkan hanyoyin biyu da na ambata mazauna suna biyan wani abu daga abin da suke samu.

Wani kuma zai ce hali zanen dutse ne, tubansu tuban muzuru ne. Eh, wasu za su koma, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Likitoci suna lissafa jarabar ƙwaya cikin cututtukan da ke tafiya suna dawowa, kamar hawan jini da ciwon suga. Mai ciwon suga idan ya karya doka ya sha zaƙi jikinsa ya rikice, ba ma cewa a kore shi daga gida, asibiti muke mayar da shi. Na yarda akwai bambanci, domin mai suga ba ya sace injin markaɗen uwarsa. Shi ya sa ma nake ganin gidan iyaye ba koyaushe ne ya dace da wanda ya fito ba. Ban taɓa ganin laifin Baba ba, an ƙure haƙurinsa ne, ga ƙananan yara a gidan da yake tsoron kada su ɗauka. Muna alfahari cewa mu Hausawa dangi ne gatanmu, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, to amma dangin nan su ne mutanen farko da mai shaye-shaye yake cuta, su ne kuma suka fi kowa gajiya. Suna buƙatar wani wuri na tsakiya, inda za su riƙa ganinsa daga nesa har amana ta dawo.

Sai masu cewa ba dai a unguwarmu ba. Su kuma ina roƙonsu su fito bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare su zagaya unguwar tasu, su leƙa kangwaye da bayan makarantar firamare da gindin gada. Yaran suna nan a unguwar tun tuni, abin da babu shi ne mai lura da su. Tsakanin samari takwas a kango ba mai tambayar su, da samari takwas a gida mai doka wanda mai unguwa ya san sunan kowannensu, wanne ya fi zama barazana ga 'yarka mai zuwa islamiyyar dare?

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zauna na yi tunani shi ne, wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Gidan Bahaushe na da yana da zaure, yana da shago a waje inda samari da baƙi ke kwana, ba su shiga cikin gida ba, ba su kuma kwana a titi ba. Fatakenmu da suka je Gwanja suka kafa zanguna a Kumasi da Sabon Ibadan, da me suka rayu? Da tsarin maigida. Baƙo ya sauka ba ya da kowa, maigida ya ba shi masauki, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a kasuwa, idan ya yi ba daidai ba shi za a tambaya. Haka ubangida da yaronsa a wurin sana'a, yaro ya kwana a rumfa, ya koyi aiki, har a yaye shi a yi masa aure. Ɗaki ne da ido da sana'a da mai tsaya maka. Tsadar ƙasa ta sa mun rushe zaure mun yi shagon haya, mun ja katanga mun sa ƙofar ƙarfe, sai muka wayi gari wanda gida ya ƙi ba shi da matsakaici, daga ɗakin uwarsa sai tasha.

Irin wannan ne ma ya ceci ƙanena. Da ya fito karo na biyu, bayan mutuwar abokin nan nasa, wani dattijo mai garejin walda, wanda ba danginmu ba ne ko na nesa, ya gan shi a masallaci ya tambayi labarinsa. Ya ba shi wani ɗan ɗaki a bayan garejin inda yaransa biyu ke kwana, ya gindaya masa sharuɗɗa: ba kwanan waje, ba kawo abokai, kuɗin aikinsa a hannun maigida za su zauna sai abin kashewa, duk ranar asibiti kuma babban yaron garejin zai raka shi. Wata na biyar ya zame, aka gan shi yana layi. Na ce shi ke nan an gama. Dattijon nan bai kore shi ba, ya kira ni a waya ya ce, “'Yata, kada ki gaya wa Malam tukuna, gobe ki zo mu mayar da shi wurin likita.” Yanzu shekara huɗu ke nan. Ba zan ce muku ya warke ba, shi kansa ba ya faɗin haka, amma yana walda, yana biyan hayar ɗakinsa, kuma sallar bara shi ya saya wa mahaifiyarsa sabon injin markaɗe. Baba ya fara amsa gaisuwarsa, bai dai ce ya shigo ba har yanzu.

To dattijo ɗaya yaro nawa zai ɗauka? Kuma idan ya faɗi ya mutu fa? Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a mayar da wannan alheri tsari. A ra'ayina, mu ɗauki rabi daga kowace hanya. Gida madaidaici a cikin gari, ba a bayan gari inda ba sana'a ba, mutum shida zuwa goma, waɗanda suka fito daga magani ko gidan yari kuma da kansu suka nemi shiga. Ba sasari, ba bulala, ba kulle ƙofa ta waje, wanda ya so tafiya ya tafi. Su yi dokokinsu, su yi girkinsu, kowa ya kawo kasonsa da zarar ya fara samu. A samu ma'aikacin walwala da ma'aikacin jinya masu zagayawa, a kuma ɗaura kowane mazauni da wani mai sana'a. Wanda ya zame a ɗauke shi daga cikin sauran don kada ya ja su, amma a kai shi asibiti ko wani ɗaki na daban, gadonsa yana jiransa. Hukuma ta yi wa kowane gida rajista, ta riƙa shiga ba sanarwa, don kada a wayi gari gidan mari ya dawo da sabon suna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta riga ta tanadi haƙƙin irin waɗannan majinyata, saura aiki da ita.

Wa zai biya? Tun 2023 gyaran tsarin mulki ya bai wa jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali, don haka gwamna ba shi da uzurin cewa aikin Abuja ne. Muna da hukumomin zakka da waƙafi a Kano da Zamfara da Sakkwato da wasu jihohin. Muna da attajirai masu gidaje a rufe shekara da shekaru sai ƙadangaru da gizo-gizo. Gida ɗaya da mutum zai bayar waƙafi don wannan aiki, Allah kaɗai Ya san yawan iyayen da za su yi barci saboda shi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu su kuma su kawo guraben koyon aiki.

Ban manta da 'yan uwana mata ba, don tasu ta fi muni. Namiji ko a tasha ya kwana gari ya waye namiji ne. Yarinyar da aka saka saboda an kama ta da kwalba, gidan ubanta ya ƙi ta, ina za ta? Duk wanda zai ba ta wurin kwana a daren nan, mun san abin da zai nema a wurinta. Sau da yawa ga goyo a bayanta. Idan za a fara da gida ɗaya tak a garin nan, ni dai na ce a fara da na mata, mata su riƙe shi, a kuma bar uwa ta zauna da ɗanta.

Daga ƙarshe sai mu marubuta. Mun iya kashe ɗan ƙwaya a littafi, mun iya haukatar da shi, mun iya shiryar da shi a shafi biyu. Matan aure da 'yan mata dubbai suna karanta mu a ɗakunansu, kuma da yawansu akwai irin ƙanena a gidajensu, suna ɓoyewa don kunya. Ya kamata mu fara rubuta musu abin da ke biyo bayan ƙofar gidan yari, da dillalin da ke cewa ba ɗaki da zarar ya ji tarihin mutum, da yayar da ta yi ƙaryar mijinta ba ya gari. Ni dai na yi alkawari, idan Allah Ya sa aka sake buga littafin nan nawa, sai na warware babin ƙarshen na sake shi.

Ku kuma makaranta, duk wanda yake da wani nasa a tsare, ina ba shi shawara tun kafin ranar fitowa a zauna a yanke inda zai sauka, da wanda zai je tarbarsa, da likitan da zai gani a makon farko. Idan gida ba zai yiwu ba, a nemi wani dattijo mai sana'a a roƙe shi. Kada a bari sai ya zo yana sallama bayan isha'i sannan a fara tunani, domin na gwada hakan na ga inda ya kai mu.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya saka wa masu riƙe 'ya'yan wasu da alheri. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.

Wassalam, taku har kullum.